Kwana Uku Ina Neman Direba, Alhali Ba Ni Da Mota

Tun ranar da na gyara wa surukata rimot ɗin talabijin ake kirana Injiniya a dangi. Aikin da na yi kuwa bai wuce juya batir ba, don a baibai aka saka shi. Amma da yake ban taɓa jin an ci tarar mutum saboda ya amsa kirarin da ba nasa ba, sai na gyara zaman hula na karɓi sarautar. Shekara da shekaru ina cin moriyarta: a ba ni kujera a wurin suna, a zuba min nama biyu a miya, a kawo min waya in kashe in kunna a yi ta sa min albarka.

Asirina ya fara tonuwa ne da bikin ƙanwar matata. Ana cikin lissafin kuɗin katin gayyata sai surukata Hajiya ta ce, "Me zai kai mu wurin masu buga kati alhali ga Injiniya a gida?" Maimakon in sunkuyar da kai irin na surukin kirki, sai na ji bakina ya riga ni: "Ai ƙaramin aiki ne, Hajiya. Gobe war haka an gama."

Ina da wata tsohuwar kwamfutar tebur 'yar gwanjo, wadda idan aka kunna ta sai ta yi gyaran murya kamar dattijo zai fara nasiha. A makon nan ne ta ga dama ta mayar da komai shuɗi. Farar takarda shuɗiya, fuskar amarya shuɗiya, kai ka ce a karofi aka tsoma ta. Na canja wayar da ke haɗa akwatin da sikirin, mai shuɗin kai da 'yan allurai 15, abu ya ƙi. Ashe ramin da ake soka ta ne ya gaji da duniya. Maganin, in ji masu sani, shi ne a sayo katin hoto a saka a ciki, a samu sabon rami. Na nufi kasuwar kayan kwamfuta, na zaɓi mafi araha a cikin tarin na hannu. Yaron shagon ya laluba ƙarƙashin kanta ya zaro wani koren kwali ya saka min a ciki don kada ƙura ta taɓa shi. A jikin kwalin an rubuta NVIDIA GeForce 210 ɓaro-ɓaro. Bai ce min kwalin katin ba ne, ni ma ban tambaya ba. Injiniya ai ba ya tambaya.

Na dawo gida na kwance murfin akwatin, na hure ƙurar da ta isa a yi yaɓe da ita, na danna katin a mazauninsa har ya yi ƙas. Na kunna. Shuɗi ya tafi, launi ya dawo, na juya na kalli uwargida da irin kallon nan na "kin dai gani da idonki." Sai da na buɗe hoton amarya murna ta koma ciki. Yarinyar da kowa ya sani siririya kamar sillen kara ta zama mai faɗi kamar faifai. Zoben da na zana a tsakiyar katin ya koma ƙwai. Ango kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, ya yi kama da wanda aka zauna a kansa a motar haya.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Sikirin ɗina mai faɗi ne, ɗigon hotonsa 1366 a kwance da 768 a tsaye, ita kuwa kwamfutar 1024 a kwance take turo masa, shi kuma ya ja ya buɗe don ya cika fili. Windows ba ta jin yaren katin, katin ba ya jin nata, sai da tafinta a tsakani. Wannan tafintan, wata 'yar manhaja ce da kamfanin da ya ƙera katin yake rubutawa, ita ake kira direba. Idan babu ita, Windows kan jawo wani ɗan riƙon ƙwarya mai suna Microsoft Basic Display Adapter, wanda iyakar saninsa gaisuwa da ban gajiya.

"Me ya samu fuskar yarinyar nan?" in ji uwargida.

"Direba ne babu," na ce.

Ta yi shiru tana dubana. "Maigida, mu da ko keke ba mu da shi, direban me kuma za mu ɗauka?"

Na yi mata dariyar manyan masana, na ce ta je ta huta, abin ya fi ƙarfin bayani.

Ran farko na kunna intanet ɗin wayata na jona, na shiga shafin NVIDIA na sauke direba mafi sabunta, bisa ƙa'idar da na ƙirƙira da kaina cewa sabo ya fi tsoho. Nauyinsa ya haura MB 600. Na zauna ina kallon layin nan yana tafiyar hawainiya, datar wata guda tana zurarewa kamar ruwa a kwando. Da ya gama na danna, ya yi 'yan dube-dubensa, ya ce bai ga katin da ya dace da shi a cikin wannan kwamfutar ba. Na ce ƙarya yake, da hannuna na saka. Na sake dannawa. Ya maimaita maganarsa ba tare da ya ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Rana ta biyu na shiga bincike, na gano cewa GeForce 210 ɗan shekarar 2009 ne, kuma sababbin direbobi sun daina sanin irinsa. Na ƙarshe da aka yi masa a Windows shi ne mai lamba 342.01, na ƙarshen 2016. Na ce yawwa, ga bakin zaren. Na sayi sabuwar data na sauke. Ya ƙi, wai na 32 na ɗauko, alhali Windows ɗina ta 64 ce. Har ga Allah a da na zaci lambobin nan wani abu ne kamar lambar takalmi, ƙarami zai shiga inda babba ya shiga. Na sake saukewa, na 64 wannan karon. Ya duba, ya yi min irin amsar yayansa na jiya: bai ga katinsa ba.

A nan ne shaiɗan ya nuna min wani ƙaton koren maɓalli a wani shafi, mai alƙawarin gyara duk direbobin duniya da dannawa ɗaya. Na danna. Manhajar ta shigo da kuzari, ta caje kwamfutar, ta fito da jerin cututtuka da jan rubutu har linzamin da nake riƙe da shi lafiya lau ta ce yana gargara. Da na ce to a gyara, sai ta miƙo hannu tana neman dala. Kafin in kore ta, ta riga ta gayyato 'yan uwanta: tallace-tallace suka dinga faɗowa ta kowace kusurwa, ɗaya ma yana taya ni murnar cin wata gasa da ban san na shiga ba.

Da magariba Hajiya ta bugo waya. "Injiniya, ya aikin namu?"

"Ana kan hanya, Hajiya. Direba muke jira."

"To, Allah ya kawo shi lafiya," in ji ta. Na ce amin, don ban san me zan ce ba.

Rana ta uku haƙurina ya ƙare, na yanke shawarar auren dole. Akwai wani ɗaki a cikin Windows da ake kira Device Manager, inda kowane ƙarfe na cikin kwamfuta yake da sunansa a jere. Ta nan mutum zai iya kama direba da hannu ya ɗora wa na'ura ko tana so ko ba ta so. Windows ta fito da gargaɗi cewa ba ta da tabbacin wannan direban zai dace, kuma abin na iya jawo matsala. Na ce ke kika sani, ni ne mai kwamfutar. Na danna amincewa. Sikirin ya ƙifta sau biyu, ya yi baƙi ƙirin. Na jira. Na kashe na kunna, abin da ya ciyar da ni shekaru, baƙi dai. A cikin baƙin gilashin ba abin da nake gani sai fuskata, da ta uwargida a bayana riƙe da kofin shayi. Garin gyaran gira na rasa ido.

Washegari Asabar, ƙanwata ta aiko ɗanta ya kawo saƙo, yaro ɗan aji uku a ƙaramar sakandare. Ya same ni na yi tagumi. Ya gaishe ni, ya ɗan leƙa, ya ce, "Kawu, in gwada?" Na ce gwada mana, don dai kada a ce na hana yaro koyo.

Ya kunna, tana fara tashi ya danne maɓallin ta mutu. Ya yi haka har sau uku. Ina shirin yi masa tsawa sai ga wani shuɗin shafi na ceto ya fito, ashe haka Windows 10 take idan aka katse mata tashi a jere. Daga nan ya shiga abin da ya kira Safe Mode, inda kwamfuta ke tashi tsirara ba tare da direbobin da aka jibga mata ba. Ya cire wanda na ɗaura mata da ƙarfi, ya kori baƙin da suka cika gida. Sannan ya buɗe bayanan katin, ya nuna min wani layi da yatsa.

"Kawu, ka tambaye shi sunansa kuwa?"

"Ga sunansa can a kwali."

"Wancan sunan kwali ne. Duba nan: VEN_1002. Lambar AMD ce. Da na NVIDIA ne da 10DE za ka gani, na Intel kuma 8086."

Ya kashe wuta ya zaro katin ya kifa shi. A bayansa ga wata 'yar farar takarda manne, da ƙananan haruffa: Radeon HD 5450. Kati ne na 2010, daga gidan ATI na ƙasar Kanada da AMD ta saye a 2006. Wato kwana uku ina tsaye a ƙofar gidan maƙwabci ina rantsuwa cewa ɗansu ne, suna ce min ba su san shi ba, ni kuma ina zaginsu da rashin zumunci.

Na yi ƙarfin hali na ce to sai a sayo wata datar a nemo nasa. Yaron ya ce a dakata. Ya shiga saitin intanet, ya tsaya, ya waiwayo a hankali. "Kawu, wa ya kunna wannan?" Wani ɗan maɓalli ne da ke gaya wa Windows cewa datar a ƙirge take, kada ta sauke komai da kanta, har da direban sabuwar na'ura. Ni na kunna shi bara, don tsimi, har na yi wa abokai lacca a majalisa kan wannan dabara. Ya kashe shi. Kafin shayin da uwargida ta kawo masa ya huce, Windows ta nemo direban da kanta ta saka, sikirin ya ƙifta, amarya ta rame ta koma yadda Allah ya halicce ta.

Kati ya fita a kan lokaci, an sha biki lafiya. Datar da na ƙona ta fi kuɗin da mai buga kati zai karɓa, ban dai gaya wa kowa ba. Uwargida ce ta ba da labarin a ɗakin mata, don haka tun ranar walima yaron ake miƙa wa waya idan ta rikice, naman miyata kuma ya koma ɗaya.

Mai karatu, idan tsohon katinka ya ƙi jin magana, kafin ka sayi data ka kifa shi ka karanta takardar da ke bayansa, ka duba lambarsa a Device Manager, ka tabbatar ba kai ka ɗaure wa Windows hannu ba. In kuma duk ya gagara, ka kira yaron gidanku tun ranar farko, gara shi kaɗai ya ga tagumin naka da a ji shi a ɗakin mata.