Daɓen Ɗakin Tunga a Hunturu

Daɓe shi ne a zuba jar ƙasa da tsakuwa a cikin ɗaki, a yayyafa ruwa, a yi ta duka da madaɓi har wurin ya yi tauri ya yi sumul. A ƙasar Gaya ta jihar Dosso, inda kogin Kwara ya raba Nijar da Benin, Kamba ta Najeriya kuma tana nan kusa, magidanta da yawa suna da ɗaki na biyu a tunga, wanda ba a kwana cikinsa sai lokacin su ko aikin gona. Sauran watannin shekara na gara ne da gafiya. Yankin ya fi ko'ina a Nijar samun ruwan sama, wajen milimita 800 a shekara, don haka da wuya damina ta wuce ba ta bar ƙasan ɗakin da ramuka ba.

Akan zaɓi hunturu don gyara, tsakanin Disamba da Fabrairu: an gama girbi, akwai ɗan kuɗin shinkafa ko rake a aljihu, babu hadari. Abin da maigida kan manta shi ne kogin sau biyu yake cika. Cikar farko ta damina ce. Ta biyu ruwan tsaunukan Gini ne, wanda ke shafe watanni yana ratsa Mali, ya iso Gaya ana tsakiyar sanyi. Ɗakin da ke kusa da gaɓa sai ya shiga tsaka mai wuya, iska tana busar da daɓe ta sama, danshi yana jiƙa shi ta ƙasa.

Aiki yana farawa da fitar da kaya da fasa tsohon daɓe. A nan ake gane cewa ɗakin yana da masu shi. Kunama ba ta cika fita yawo da sanyi ba, tana nan ƙarƙashin randa tana jiran hannun da zai ɗaga.

Daɓe kansa aikin mata ne, kuma da gayya ake yin sa. Sukan jeru a durƙushe, madaɓai suna sauka tare bisa amon waƙa, wata tsohuwa tana bi tana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, wanda ke ƙara wa ƙasa tauri ya ba ta launi ja mai duhu. Ladansu fura ce da tuwo da goro. Waƙar daɓe kuwa gidan habaici ce, maigidan da ya tsuke hannu wajen fura zai ji labarinsa a baiti na biyu, daga bakin matan da ke gaishe shi da ladabi kullum safiya. Akwai mazan da ke gudun wannan su ce za su yi da kansu. Irin wannan daɓe ana gane shi da gangare: a ajiye ƙwarya a tsakar ɗaki, a je a ɗauko ta a bakin ƙofa. Mai aikin kuma ana gane shi da sallar zaune.

Shanya ita ce mataki mafi tsawo. Ƙa'ida a rufe ƙofa, a bar daɓe ya sha iska a hankali, ana ƙara makuba. Maigida yana kwana waje ke nan, kusa da kogi, cikin Janairu. A dare na biyu dabara kan zo masa, ya hura wuta a tsakar ɗaki don ta taimaka. Da safe daɓen ya dare gida-gida, tsohuwar da ta yayyafa makuba ta leƙo ta ce, “Sannu da aiki, ɗan nan. Wa ya aike ka?” Sai a sake kiran gayya, a sake dama fura, waƙa kuma ta samu sabon baiti.

Masu hali sukan koma ga siminti. Da aka rufe gadar Malanbil, mai haɗa Gaya da Benin, bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, kaya da yawa sun koma haye kogi a kwale-kwale, buhu mai kilo 50 da ya sha fantsama kuwa dutse yake isowa, kuma kuɗin siminti aka biya. Wanda ya iso lafiya, maigida kan matsa wa magini ya ƙara yashi don buhu ɗaya ya yi aikin biyu, daga nan duk shara sai tsintsiya ta kwashe wani abu daga cikin ɗakin. Siminti yana son a riƙa ba shi ruwa kamar mako guda, iskar hunturu kuma tana shanye shi nan take. Akan bar wa yaro wannan aiki, yaro ya bar ƙofa a buɗe, akuya ta shiga duba aiki. A daɓen ƙasa, sawunta ɗan ruwa da madaɓi ne maganinsa. A siminti sai dai a ja gado a rufe wurin, a kuma tanadi tabarma biyu, domin ya fi daɓen ƙasa sanyi nesa ba kusa ba.