Katangar da aka gajarta wa ƙafa

Birnin New Orleans na Amurka a kwari yake zaune, unguwanni da yawa ma suna ƙasa da doron teku. In an yi ruwan sama, injuna ne ke zuƙe shi su zuba a manyan magudanai masu kai shi tafkin Pontchartrain. Bakin magudanan nan aka ja wa katanga. Ana kawo dogayen fallayen ƙarfe, bakin kowanne ya sarƙe da na ɗan'uwansa, a yi ta dukansu da inji har su nutse, sannan a zuba kankare a kan abin da ya rage a sama. Kankaren nan shi mai wucewa ke gani, shi ake nuna wa manyan baƙi. Ƙarfin katangar kuwa yana can ƙasa, inda ba mai sake leƙawa.

A 1985 injiniyoyin rundunar sojan Amurka, masu alhakin aikin, suka yi gwaji a kwarin Atchafalaya. Suka kafa irin katangar a ƙasa mai laushi, suka tara mata ruwa. Da ta karkata, rata ta buɗe tsakanin ƙarfe da ƙasa, amma tamfol ɗin da aka shimfiɗa ya rufe wurin, ido bai kai ba. Aka yi wa sakamakon gurguwar fahimta, ta kuma zo daidai da bukatar rage kuɗi. Ƙarfen da ya kamata ya nutse ƙafa 31 zuwa 46, a ƙafa 17 aka tsayar da shi, aka tsimi kusan dala miliyan 100.

A lura, mutanen nan ba ƙarfe suka sata ba, ba kuma su raba kuɗin a tsakaninsu ba. Masana ne da suka yi kuskuren lissafi, na sama da su suka sa hannu. Amma a duk inda aka samu wanda ya rage tsawon ƙarfe yana sane, ya karɓi kuɗin cikakke, da wanda ya duba aikin daga cikin mota, su suka san sunan abin da suka yi.

Watanni kafin guguwar Katrina, wasu mazauna gefen ɗaya daga cikin magudanan, wato magudanar Titi na 17, suka kai kuka cewa ruwa na tsattsafowa a farfajiyar gidajensu. Kukan bai isa teburin da ya dace ba.

Ranar 29 ga Agusta 2005 guguwar Katrina ta turo ruwan tafki cikin magudanan. Ruwan bai ko kai kan katangar Titi na 17 ba. Sai dai ta karkata kamar yadda ta gwaji ta yi, ratar nan ta buɗe, ruwa ya cika ta har gindin ƙarfe, ya tura katanga da ƙasar da ke riƙe da ita gaba ɗaya cikin unguwar Lakeview. Ta magudanar London Avenue ta fashe a wuri biyu. Da aka haɗa da sauran wuraren da suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Guguwar ta ci rai fiye da dubu, da yawansu tsofaffi ne da ruwa ya rutsa a gida, wasu a ƙarƙashin rufin da suka hau neman tsira. Tun ran gini ran zane.

A 2006 shugaban injiniyoyin, Laftanar Janar Carl Strock, ya fito ya amsa cewa tsarin aikinsu ne ya gaza. Mutanen gari suka garzaya kotu. A 2008 alƙali Stanwood Duval ya zuba wa rundunar laifi da kakkausan harshe, sannan ya kori ƙarar, domin wata dokar 1928 ta kare gwamnati daga biyan diyyar ɓarnar da ta taso daga aikin tare ambaliya. Waɗanda suka binne iyayensu suka koma gidajen da taɓo ya cika, da shebur a hannu.