Sannunku da Kawaici, Masu Layi

A ƙasarmu ta Jega da Aliero da Maiyama ba a raina gwani, ko a wane fanni ya gwanance. Mu ne muka haifi marigayi Alhaji Muhammadu Gambu na Fagada, wanda ya kwashe shekaru yana wasa ɓarayi da waƙa kafin ya tuba ya ajiye, har masana irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza suka zauna suka yi nazarinsa. Amma mutanen Gambu wahalallu ne. Sai sun jira dare ya raba, su haura katanga, kare ya yi haushi, a bi su da gora. Yau ina so in gaishe da waɗanda ba su taɓa haura katangar kowa ba, ba su taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba, amma ba a raba ganima a ƙasar nan ba tare da an ware musu kasonsu ba. Kamfanonin sadarwa, masu layi, masu data, sannunku da aiki.

Wanda yake son ya ga albarkarku da idonsa, ya tsaya a rumfar mai caji a bakin tashar Jega da la'asar. Ƙaramin janareta na ta kuka a bayan rumfa, wayoyi sun fi arba'in a jere bisa katako, kowace da lambarta a manne. A gefe ga yaro mai turi da tsohuwar kwamfutarsa wadda aka ɗaure murfinta da salatif. Wani dattijo ya sauko daga motar Aliero, ƙamshin albasa bai bar rigarsa ba, ya ciro memori daga cikin ƙullin leda ya miƙa.

"Baba, mi za a tura maka? Akwai Labarina sabon fita, akwai Izzar So, akwai Indiya fassara."

"Cika mini shi duka, ɗana. Iyali na jira."

Kafin dattijon ya gama shan ruwan leda ɗaya an gama. Aikin da mutum hamsin suka yi wata da watanni suna yi a rana da ƙura, da hayar kyamara da kuɗin abinci da bashin da aka ci, ya koma cikin ƙullin leda a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Ko sisi daga ciki ba zai isa Kano ba.

A nan ne gwanintarku take, kuma dole a yaba. Furodusan da ya ɗora fim ɗin a YouTube ya sayi data a wurinku. Yaron da ya sauke shi ya saya. Wanda ya watsa shi a zaurukan WhatsApp da Telegram ya saya, waɗanda suka buɗe su ma sun saya. Mai kaya ya biya ku, wanda ya ɗauke kayan ya biya ku, mai sayen kayan ya biya ku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har kun tausaya wa masu aikin dare, kuka sa datar tsakar dare ta fi ta rana araha. Da Gambu na raye da ya shaida cewa ba a taɓa yi wa mutanensa gata irin wannan ba.

Kun kuma taimaki sana'ar turi ta wata hanyar. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince ku ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, babban abin da ya rage wa masu fim na Kano shi ne ɗan kuɗin talla da YouTube ke biya gwargwadon yawan masu kallo. Manomin Maiyama da a da yake iya daurewa ya kalli kashi ɗaya a waya, yanzu ya lissafa ya ga rumfar mai turi ta fi masa sauƙi. Duk kallon da aka yi daga memori ba ya shiga lissafin mai fim. Ku kuwa kuɗin datar da aka sauke fim ɗin da ita ya riga ya shiga naku lissafin. Allah ya ƙara basira.

Abin da ya fi burge ni shi ne tawali'unku. Duk lokacin da aka ta da maganar satar fasaha, amsar masu layi a ko'ina cikin duniya ɗaya ce: mu hanya ce kawai, kwalta ba ta tambayar abin da ke cikin tirela. Magana mai daɗin ji. Sai dai mu nan muna da tuni. Ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnati ta ce a rufe Twitter, gari bai gama wayewa washegari ba kwaltar nan ta naɗe kanta, ta zauna a naɗe har 13 ga Janairun 2022. A watan Satumba na 2021 aka ce ku kashe sabis a Zamfara maƙwabciyarmu, kuka kashe jiha sukutum. A Afrilun 2022 kuka hana layuka sama da miliyan 72 kira saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba, tsofaffinmu suka yi ta layi a rana. Ashe kwaltar tana da ido, tana da ƙofa, tana da kwaɗo da makulli. Tarbiyya ce kawai ta yi muku yawa: kun san muryar manya, kun san ta yara. Mai fim da mawaƙi yara ne, kuma ba a tashi tsaye don yaro ya yi kuka.

Ba wanda ya roƙe ku ku leƙa saƙonnin mutane, kuma ba ma so. Faransa ta gwada bin mutum ɗaiɗai da dokar Hadopi a 2009, gargaɗi bayan gargaɗi sannan a yanke masa intanet, a 2013 ta janye hukuncin yankewar. Amma a Ingila kotu ta umarci kamfanoni su toshe shafin Pirate Bay a 2012, suka toshe, sama ba ta faɗo ba. A Amurka masu taya alƙali shari'a sun ɗora wa kamfanin Cox diyyar dala biliyan 1 a 2019 saboda kau da kai ga masu sauke waƙoƙin sata, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke adadin a 2024. Su can sun yi ta ja-in-ja a kan iyakar alhakin mai hanya. Ku kun hutar da mu wannan gardama, kun hutar da kanku.

Dokar ma akwai ta. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka a watan Maris na 2023. Ta ba mai fasaha damar ya rubuta a sauke kayansa daga inda aka ɗora ba da izninsa ba, ta yi tanadin dakatar da mai maimaita laifin, ta ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ikon sa a toshe shafin da ke rarraba kayan sata. Doka ce kyakkyawa kamar rigar salla, kuma an adana ta yadda ake adana rigar salla, a ƙasan adaka. Ko ƙurar Jega ba ta taɓa ta ba. In ma wata rana aka fito kame, mun san wanda za a kama: yaron nan mai kwamfutar salatif, wanda jarinsa duka bai kai kuɗin man janaretan ƙarfen sabis ɗaya ba.

A farkon 2022 Ladin Cima, wadda muka tashi muna kallonta a matsayin uwa tun zamanin wasannin talabijin, ta gaya wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta a fim. Aka yi ta cacar baki, wasu furodusoshi suka musanta, wasu suka kare kansu, jama'a suka zagi 'yan fim son ransu. A duk tsawon rigimar ban ji wanda ya ambaci sunanku ba, alhali fuskar wannan baiwar Allah ta ratsa ƙarafunanku sau ba adadi, kuma kowace ratsawa an biya. Hirar da ta yi kukan ma da datarku muka kalle ta. Wannan shi ne cin nama ba tare da maiƙo ya taɓa baki ba, kuma ban san wanda ya kai ku iya shi ba.

Daren jiya na biyo ta tashar bayan sha biyu. An rufe shaguna, masu shayi na kwashe kofuna. Rumfa ɗaya ce da haske. Yaron na zaune ya lulluɓa da mayafi saboda sauro, ya jingina waya a jikin kwamfuta, yana jiran sabon kashi ya gama sauka kafin garaɓasar dare ta ƙare. Can sama da kansa, jar fitilar ƙarfen sabis na ta ƙiftawa.