Wai kun girma da karanta labarin aku?

Ranka ya daɗe Alhaji, na ji an ce kai ne ka ce Magana Jari Ce littafin yara ne, wai mai furfura ba ya zama yana sauraron tsuntsu. To, madalla da girma. Amma ka gaya mini sunan dokin Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ka ga, tun ban rufe baki ba ka ce Kwalele! Kai da jiya-jiya ka tsaya a gaban na'urar banki kana sosa ƙeya, lambar katinka ta ɓace maka, amma sunan dokin da ka karanta a aji huɗu yana nan daram.

Ku ma 'yan boko masu tsuke baki na san ƙorafinku. Kun ce Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce, aro ya yi, ya tsinto daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa da na Indiya. Sannunku da bincike. Wa ya ce muku ɓoyewa aka yi? Rupert East ne ya tara masa littattafai a Zariya, Imam ya zauna ya karanta, ya fito da juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939. Shinkafa ma ai ba a gidanku aka shuka ta ba, amma in Hajiya ta tuƙa tuwo ba ku ce na aro ne ba, hannu kuke wankewa. Ku karanta labarin Kalala da Kalalatu da ke ciki, ku nuna mini inda matar nan ta yi kama da Baturiya. Ahmadu Ingawa ma daga wajen Rashawa ya ɗauko Iliya, ya ajiye shi a hannun Sarki Waldima, kuma har yau ban ga wanda ya nemi fasfo ɗinsa ba.

Akwai kuma wasu, su ne suka fi ba ni dariya: masu rantsuwa sun haddace duka juzu'i ukun na Magana Jari Ce. A tambaye su, sai ka ji suna ta zuba labarin Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji, da yadda aku ya riƙe Musa ɗan Sarkin da hira dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Daidai ne, wannan littafi na ɗaya ke nan, wanda makaranta ta raba. To wane aku ne ya zo gasar labari a na biyu? Shiru. Haziƙ ne, Malam. A na uku fa, wa Waziri Aku yake koya wa sanin duniya? Ɗansa Fasih. Kada ka damu, ba zan faɗa wa 'ya'yanka ba.

Hajiya kuma ta ce ita ba ruwanta, littattafan soyayya na kasuwar Kano ta tashi da su, tana ɓoye su a cikin littafin lissafi. Na yarda. Amma wa ya koya miki haɗa baƙi kafin ki kai can? Ba Ka Koyi Karatu ba ne, da ƙannensa Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu?

Abin da nake so masu cewa "na yara ne" su duba shi ne waɗanda suka riƙe alƙalamin. Gasar rubuta littattafai ta 1933 ta fito da Ruwan Bagaja, lokacin Imam yana saurayi ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Ita ta fito da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na wani malamin makaranta a Bauchi wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Shaihu Umar kuwa labarin bauta ne, da uwar da ta keta Sahara tana neman ɗanta. In kana ganin wannan wasan yara ne, to ka karanta shi a gaban iyalinka, mu ga ko ba za ka ce ƙura ce ta faɗa maka a ido ba. Shi kuma Malam Zurƙe ɗan Muhamman na Ruwan Bagaja, da yaro ka yi masa dariya ne kawai. Yanzu da ka yi ciniki da mutane, ka ci bashi an ci naka, ka sake duba shi. Za ka gane shi sarai, wataƙila ma layinku ɗaya a masallaci.

Na san hujjarku ta ƙarshe: babu lokaci. Wayar da ke hannunka ta san gaskiya, ita da ke raka ka har ƙarfe ɗaya na dare kana kallon rigimar mutanen da ba su san da zamanka ba.

Littattafan suna nan a shagunan masu sayar da littattafai, bugun kamfanin NNPC na Zariya. Ka je ka saya, ka ce wa mai shago na jikanka ne, ba wanda zai tona maka asiri. Sai dai in ka gama ka miƙa wa yaron, tunda da sunansa ka saya.