Biyu ga Uku: Mutanen da Ake Samu a Ajin Lissafi

A ƙaramar sakandare akwai mako guda da malamin lissafi ke shigowa ya rubuta lambobi biyu a allo, ya ɗiga ɗigo biyu a tsakaninsu, ya ce yau za a koyi mayar da reshiyo firakshan, da mayar da firakshan reshiyo. Karatun ba shi da tsawo. In an ce maza da mata a aji 2:3 ne, wato duk inda ka ƙirga maza biyu akwai mata uku, sai ka haɗa 2 da 3 ka sami kashi 5. Maza su ne 2/5 na ajin, mata 3/5. In kuma an ce 3/8 na ajin mata ne, to sauran kashi 5 ɗin maza ne, mata da maza 3:5 ke nan. Ko rabin shafi bai cika ba. Sai dai magana ce ta rabo, kuma wurin rabo ne halin kowa ke fitowa fili.

Wanda za ka fara gani shi ne Gaggawa, don shi ma so yake a fara ganinsa. Malam bai ajiye alli ba hannunsa na sama, yana ƙyasta yatsu, "Ni, Malam! Ni, Malam!" An ce aji na da ɗalibai 60, maza da mata 2:3, maza nawa ne? Gaggawa ya ga 2, ya ga 3, ya ɗora wannan a kan wancan, ya ce 2/3 na 60, maza 40 ne. Malam ya ce to mata fa? Ya kifa lambobin, 3/2 na 60, mata 90. Aji mai mutum 60 ya koma 130. Da aka nuna masa ko a jikinsa, cewa ya yi ai ajinsu na bara ya kusa haka, wasu ma a taga suke zama. Amsar dai 24 da 36 ce. Abin haushi da Gaggawa shi ne bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Wannan 2/3 da ya gani yana nan, domin 24 kashi biyu bisa uku ne na 36. Ya auna maza da mata ne, alhali cewa aka yi ya auna su da ajin baki ɗaya. Gobe a kawo tambayar da lemo da mangwaro, zai sake ɗaga hannu kafin kowa, kuma mangwaron da zai samu sai ya fi wanda ke cikin kwandon yawa.

Kusa da shi akwai Sarkin Hadda. Shi ba ya sauri. Littafinsa tsaf, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowane kan darasi. Ya haddace ƙa'idar yadda malam ya faɗe ta, har da inda malam ya tsaya ya yi tari: a haɗa lambobin biyu, a sa jimlar a ƙasa. Muddin tambaya ta zo ta ƙofar da ta saba shigowa, Sarkin Hadda ba ya faɗuwa. Ranar da ta zo ta baya, aka ce 3/8 na aji mata ne, a faɗi reshiyon mata da maza, sai ya yi abin da ya iya, ya haɗa 3 da 8, ya rubuta 3:11, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Wurin da ya kamata a ɗebe, shi ƙarawa ya yi, don a haddarsa babu ɗebewa. In ka ba shi 1/2 : 1/3 ka ce ya mayar da su cikakkun lambobi, zai dubi na ƙasa ya ce 2:3. Ka ce masa, "To rabi da sulusi wanne ya fi yawa?" Ya ce rabi. "Me ya sa mai rabi ya tashi da 2, mai sulusi ya tashi da 3?" Sai ya yi shiru yana motsa baki, yana bin haddar daga farko ko zai ci karo da wurin. Da ya ninka kowanne da 6 da ya ga 3:2 ce.

Mai Kalkuleta kuwa ya sallama wa na'ura hankalinsa tun ranar da yayansa ya bar masa tsohuwar Casio. Ko 6 sau 2 ka tambaye shi sai ya zare murfin. An ce a faɗi reshiyon minti 30 da awa 2, ya danna 30, ya raba da 2, ya miƙe ya ce 15. Malam ya ce, "Kai yaro, rabin awa ya ninka awa biyu sau goma sha biyar?" Ya duba fuskar na'urar, ya juyo da ita wajen malam don shaida, "Malam, wallahi haka ta ba ni." Gaskiya ya faɗa. Kalkuleta ba ta san minti ba, ba ta san awa ba. Sai mutum ya mayar da awa 2 minti 120 da kansa, sannan 30:120 ta sauko 1:4. Shi ne kuma wanda za a tambaya ɗalibai nawa ne, ya rubuta 26.6666667, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ina aka baro sauran jikin na ƙarshen ba.

Ɗan Ƙwallo bai da matsala da ɗigo biyun nan, ya daɗe da saninsu a gidan kallo. Da ya ga 2:3 a allo tambayarsa ɗaya, wa ya ci? Rigimarsa da malam ta taso ne ranar da aka ce 4:2 daidai take da 2:1. Ya ce bai yarda ba. Faransa ta ci Kuroshiya 4 da 2 a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2018, wa ya isa ya goge mata ƙwallo biyu? A nan ina bayansa. Sakamakon wasa ƙidaya ce, ba reshiyo ba, ba a rage shi. Malamin da ya ba da misali da ƙwallo don ya jawo hankalin aji, shi ya ɗebo wa kansa.

Yanzu ga waɗanda suka fi ba ni sha'awa, su ne kuma suka fi ba malamai wahala, domin sun iya abin tun daga gida, takarda ce kawai ba su iya yi wa bayani ba.

Ɗan Kasuwa ana tashi daga makaranta shagon babansa yake wucewa, a Kantin Kwari ko wata kasuwa irinta. Ka ce mutum biyu sun haɗa jari, ɗaya ya zuba N40,000, ɗaya N50,000, an ci ribar N18,000, ba ka rufe baki ba zai ce takwas da goma. Ya ga 4:5, ya ga kashi 9, ya ga kowane kashi N2,000 ne, duk a lokacin da Mai Kalkuleta ke neman maɓallin kunnawa. Amma a takarda amsar kaɗai zai rubuta, tsirara. Malam ya rubuta masa da jan biro cewa ya nuna aikinsa. Ya zo har tebur, "Malam, me zan nuna? Ai a bayyane take." Ba ya yarda cewa masu duba jarrabawar WAEC da NECO suna ba da maki ne a kan hanyar da aka bi, sannan su ba da na amsa, don haka amsar da ba ta zo da hanyarta ba kaɗan take samu. Wani lokaci ma tambayar yake ƙi. Zai ce rabon nan ba adalci, a cikin su biyun wa ke zaman shagon? Ina ladan wahalarsa? Cire naira ka sa x da y, ka ce x:y daidai yake da 4:5, sai ka ga idonsa ya raina fata. Kuɗin da babu hoton kowa a jikinsa ba ya iya ƙirga shi.

'Yar Gidan Malamai ta fi shi nisa. Ta tashi tana jin ana rabon gado a zauren kakanta, kuma rabon gado shi ne babban fagen da firakshan da reshiyo ke aiki tare. Kason da Suratun Nisa'i ta yanka firakshan ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Tsakanin 'ya'ya kuma reshiyo ne, namiji biyu mace ɗaya. A ce mutum ya rasu ba iyaye, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2, mata 3, kuma bayan an biya bashi an fitar da wasiyya saura N800,000. Yarinyar nan ba za ta taɓa biro ba. Matar ta ɗauki sumuni, N100,000. Sauran N700,000 a kasa 7, don kowane namiji kashi 2 ne, kowace mace 1. Maza N200,000 kowanne, mata N100,000 kowacce. Ta cire firakshan, ta raba saura da reshiyo, abin da littafin lissafi ke ajiyewa sai tambayoyin ƙarshen babi masu wuya. Ranar da malam ya zo koyar da neman ƙaramar lambar da duk na ƙasa za su shiga cikinta, ita ta riga ta san aikin, asalin mas'ala ake ce masa a zaurensu.

Ita ce kaɗai za ta iya tsayar da malam da tambayar da ba ta cikin manhaja. "Malam, in mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai fa? Miji rabi, su sulusi biyu." Malam ya haɗa a allo, 3/6 da 4/6, ya sami 7/6, ya ce ba zai yiwu ba, rabon ya fi dukiyar yawa. Ta ce yana yiwuwa, auli ake yi. A bar 3 da 4 yadda suke, a kasa dukiyar 7 maimakon 6, miji ya ɗauki 3/7, su 4/7, ragin ya shafi kowa gwargwadon kasonsa. Wato an mayar da firakshan reshiyon 3:4, an sake mayar da shi sabon firakshan. Malaman fiƙihu na danganta fara wannan hukunci ga zamanin halifa Umar. Shi kansa Alkawarizmi, da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babban ɓangare na littafin a kan lissafin wasiyya da gado ya ƙare. Amma wannan yarinya da ta iya auli, in an ba ta tambayar da aka rubuta da Turanci a kan wasu yara masu raba alawa, sai ta tsaya tana tantama, ta ce ita ba ta iya lissafi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa rabon alawar da rabon gadon lissafi ɗaya ne.

Ɗan Magini gajere ne labarinsa. Ya san kwano ɗaya na siminti da shida na yashi, ya san 1:2:4 na kankare, siminti da yashi da tsakuwa. Ka tambaye shi siminti kashi nawa ne na kwaɓin 1:6, zai ce 1/7, daidai. Sannan ya ƙara da cewa wannan in mai gini na tsaye ne a wurin.

Mai Kwafa ba ya rasa kujera a bayan wani. Laifinsa biyu. Na farko bai iya zaɓen maƙwabci ba, kullum bayan Gaggawa yake zama, don ya ga shi ke fara gamawa. Na biyu idonsa ba ya kai wa ɗigon sama, sai 2:3 ta iso takardarsa a matsayin 2.3. Kuskuren wani ya ɗauko, ya ƙara masa nasa a hanya.

Can a layin ƙarshe, jingine da bango, akwai Me-Zai-Amfane-Ni. Ba ya rubutu, muhawara yake yi. "Malam, don Allah a rayuwa ina mutum zai haɗu da wannan abin?" Ya ce shi lauya zai zama, ko alƙali. To alƙali ne dai ake kai wa rigimar gado. Ya ce to noma zai yi. Buhun takin da zai saya an rubuta 15:15:15 ko 20:10:10 a jikinsa, in kuma gero ya yi kyau akwai zakka, ushiri in ruwan sama ne ya shayar, rabin ushiri in ban ruwa aka yi da wahala. Buhu 10 na damina, 1 a fitar, 9 a rumbu. Ya ce kasuwanci. Nan ma 1/40 na jiransa duk shekara in dukiya ta kai nisabi. Ko watandar sallah ya shiga, wanda ya zuba kuɗin kashi biyu ba zai yarda a ba shi tsoka ɗaya da mai kashi ɗaya ba. Wannan yaro bai ƙi lissafi don ba shi da amfani ba, ya ƙi shi ne don tun aji ɗaya aka wuce shi bai gane ba, kuma gardama ta fi faɗin haka sauƙi. Ranar da zai nemi shiga jami'a aka ce fannin da ya zaɓa sai da kiredit biyar har da lissafi da Turanci, a ranar muhawara ke ƙarewa.

Ba zan tashi ban taɓa masu alli ba. Akwai malamin da ke shigowa ya ce, "Reshiyo ai firakshan ne kawai, ku cire ɗigon ku sa layi," ya juya ya cika allo. Rabin gaskiya ya faɗa, kuma shi ne uban Gaggawa a wannan fanni. Akwai wanda in an ce ba a gane ba, sai ya maimaita maganar da kalmomin nan dai, amma da ƙarfi. Akwai kuma wadda za ta shigo da ƙullin gyaɗa, ta kasa a tebur, biyu nan uku can, biyu nan uku can, har ta ƙare, ta ce a ƙirga. Ajinta ya fi hayaniya, gyaɗar ma ba ta komawa gida, amma ɗalibanta ba sa samun mutum 130 a ajin mutum 60.

Roƙona ga malaman lissafi shi ne, kafin ku ba da ƙa'ida, ku sa kowane ɗalibi ya amsa tambaya biyu da bakinsa, da Hausa ma in ta kama: kashi nawa aka kasa gaba ɗaya, kuma da me ake auna wannan kason, da ɗan'uwansa ko da dukan abin? Sannan ku kira Ɗan Kasuwa da 'Yar Gidan Malamai gaban allo, ku ba su alli, su nuna wa aji yadda ake yi a gidajensu.