Zuwa ga Hajiya Tele Mai Inci 32

Ina fatan ƙurar hunturu ba ta shige miki ta baya ba, kuma abin da fanon sola ya tara a batir yau zai kai ki bayan isha'i.

Na rubuto ne kan maganar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidan nan tun ranar da motar albasa ta sauke ki daga Agadez, an naɗe ki da barguna saboda duwatsun hanya. Mutanen gida sun ce kina ɓata hoto. Bidiyon da ake gani tas a salula, da ya hau fuskarki sai ya dagule: tseren raƙuma ya koma ƙura mai ƙafafu, ango cikin rawaninsa ba a sanin shi ne ko ƙanensa, har dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, ya zama tarin ƴan murabba'ai masu rawar sanyi. Inna ta ce kambun baka ne, ta nemi a turara miki hayaƙi.

A wannan tuhumar na wanke ki, an bar jaki ne ana dukan taiki. Bidiyo ɗigo-ɗigo ne aka jera. Wanda ake kira 360p yana da ɗigo 640 a kwance, 360 a tsaye, jimla 230,400. Ke kuwa fuskarki tana da gurbi fiye da miliyan guda. Duk mai lambu a Tabelot ya san abin da zai gani in ya ɗauki dashen fangali ɗaya ya ce sai ya rufe lambu duka da shi: tsiro nan, tsiro can, ƙasa a fili. A tafin hannu ɗigon na cunkushe, ido ba ya ganin giɓi. Ke kin baza shi ne kawai, asiri ya tonu.

To ina sauran ɗigon suka tafi? A hanya suka zube. An ɗauki biki a Iferwan da 1080p, ɗigo miliyan biyu da ƴan kai. Mai ɗaukar ya tura ta WhatsApp, aka matse shi don ya iya ratsa rezo. Wani ya ɗora a Facebook, aka sake matsewa. Wani ya sauke mafi ƙanƙanta don kada forfensa ya ƙare, ya turo mana. Abin da aka zubar a kowane zango ba ya dawowa, ko wane maɓalli aka danna a jikinki. Abin dariyar shi ne tsohuwar hanyarmu ta hannu da hannu ba ta rage komai. Bluetooth da katin memwar kwafi suke yi daidai wa daida, ko an yi sau ɗari. Ta haka waƙoƙin gita suka zaga Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattaro su daga salulolin mutane a arewacin Mali ya fitar da faifai a 2011, da waƙar Mdou Moctar a ciki. Tun 2023 WhatsApp ya sa maɓallin HD, kuma wanda ya tura bidiyo a matsayin fayil, yadda ake tura takarda, zai iso cikakke. Sai dai a rezon da muke da shi a nan, mutum zai sha shayi na ɗaya da na biyu da na uku yana jira.

Kada ki saki jiki, Hajiya, don ni ma da tawa ƙarar. Kwalinki an rubuta masa 4K da ruwan zinariya, haruffa manya. 4K na gaskiya ɗigo 3,840 ne sau 2,160, sama da miliyan takwas. Ɗan ƙanwata mai gyaran salula ya duba ki da kyau, ya ce 1,366 sau 768 gare ki, ba ƙari. Ban ce ke kika rubuta ba, amma kin kwana cikin kwalin nan kina gani, ba ki ce uffan ba.

Sai ƙofofin bayanki. Ramukan nan uku, rawaya da fari da ja, tsohuwar hanya ce wadda ba ta wuce layi 576, ko me aka zuba mata. HDMI ce ke ɗaukar hoto cikakke, mun sani. Shi ya sa aka sayo igiya mai baki biyu, ɗaya na salula ɗaya naki, aka soka, aka zauna. Sai kika yi shuɗi, kika rubuta "Pas de signal", kika bar mutane da tabarma a shimfiɗe. Gaskiya ne yawancin saluloli masu araha, ko da bakinsu USB-C ne, caji da fayil kawai ke bi ta wurin, hoto ba ya fita, kuma ba igiyar da za ta tilasta musu. Amma me zai hana ki faɗa mana haka da Hausa ko Tamajak? Sai Faransanci kalma uku, kamar takardar sammaci.

Da igiya ta ƙi, aka koma madubi, wato Miracast, wanda ke haɗa salula da ke ta iska ba tare da intanet ba. Yana aiki, ban musa ba, amma yakan sake matse hoton nan take, ya riƙa cijewa, baki ya motsa murya ta biyo baya. Babban aibinsa kuwa ba ya da sirri. Ran nan ana kallon fim ɗin Kano, dattawa a gaba, surukin mai salular na cikinsu, sai saƙo ya sauko daga saman fuskarki, haruffa kowanne ya kai ɗan yatsa, mai shago yana tambayar kuɗin takin da aka ɗauka bashi tun bara. Surukin ya ja rawani ya rufe har ido, mai salular ya fita bai ɗauki takalmi ba. Ke ko gezau, kika ci gaba da waƙa.

Haka in an kawo miki bidiyon da aka ɗauka da salula a tsaye, sai ki tsayar da amarya a wani siririn lungu tsakanin bangaye biyu baƙaƙe. Wani ya ɗauki rimot ya ce a cika fuska, ke kuma ba ki iya cewa a'a, ki ja ta gefe da gefe har ta yi faɗin mutum biyu. Dangin amarya ba su yafe ba.

Hanyar da muka fi shiri da ke ita ce kile, wato filashin USB. A kwafe bidiyon daga salula, a soka miki a gefe, ki karanta da kanki, ba matsi, ba cijewa, mai salula ya tafi da kayarsa da basussukansa. Nan ma kina da zaɓe: in sabuwar salula ta ɗauka da tsarin H.265 sai ki ce ba ki san shi ba, dole a mayar da kyamara kan H.264 don a faranta miki.

Ga abin da muka yanke a majalisar ƙofar gida. Za mu goge idon kyamara da bakin rawani, mu riƙe salula a kwance, mu ɗauka tun rana ba ta faɗa bayan dutse ba. Ba za mu ƙona forfe a kan 1080p ba, tunda 720p ya kusa cika fuskarki, kuma wanda ke zaune mita uku daga gare ki ba zai bambance su ba. Yaran da ke manna hanci a gilashinki za a ja su baya.

Ke kuma abu ɗaya muke roƙo. Ran Juma'a da dare baƙi za su zo daga Abardak, an samo kokowar Takobi da aka yi a Agadez a ƙarshen 2023, wadda Isaka Isaka na Dosso ya lashe, kwafi mai kyau, a kile. Don Allah ki karanta shi, kuma kada ki shanye batir kafin a yi kaye.

Naki,
Mai lambun da ya biya kuɗinki, Tabelot.