Zuwa Ga Ɗan Gwaggo, Masoyin Da Ba Ya Sayen Fetur

Ɗan Gwaggo, bawana na gado, labari ya iso mini cewa tun da ka kalli Love Aaj Kal a wayar aro ka hana mutanen Kaya shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wai kai ne Veer Singh na ƙasar Maradun, mai soyayya irin ta mazan jiya. To zauna in tuna maka abin da ke cikin fim ɗin, don na san rabinsa gyangyaɗi ka yi.

Imtiaz Ali ya fitar da shi a 2009. Saif Ali Khan ya fito a Jai, saurayin zamani a Landan, shi da budurwarsa Meera, wato Deepika Padukone. Aiki ya raba musu hanya, suka rabu cikin raha har da shirya walimar rabuwa. Sai tsoho mai gidan abinci, Veer Singh, wato Rishi Kapoor, ya zaunar da yaron ya ba shi labarin yadda ya nemi Harleen a 1965. Ko magana ba su taɓa yi ba ya rantse ita zai aura. Da iyayenta suka ƙaura daga Delhi zuwa Kalkata, ya hau jirgin ƙasa ya bi ta, don kawai ya tsaya ƙasan bene ya hangi fuskarta. Har duka ya ci a hannun danginta bai fasa ba.

Kai fa? Yarinyar da kake nema tana nan Talata Mafara, inda kake zuwa cin kasuwa duk Talata, amma sai ka yi mata filashin ka kashe, ka jira ta kira da katinta. Toshi kuwa, ko turmin atamfa ba ta taɓa gani ba, sai hoton fure a WhatsApp, shi ma wani ya turo maka. A Satumbar 2021 da aka yanke sabis a Zamfara, samari na ƙwarai suka koma aiken yaro ya ce ana sallama da wance. Kai soyayyarka ta tafi hutu tare da sabis ɗin, sai da ya dawo ka tuna kana da budurwa.

Kada kuma ka ce to kai Jai ne. Shi injiniya ne, burinsa gadar Golden Gate ta Amurka, kuma ya je. Kai madatsar Bakolori da ke bayan gidanku ma a bakin mutane kake jin labarinta.

In gwanin neman aure na da kake nema, Kakanmu ya ishe ka, ba sai ka je Indiya ba. Shi ya yi wa surukai gayya, ya kai dawa da gero, ya tsaya a dandali har makaɗi ya kira sunansa. Garin da Ɗanƙwairo ya tashi a ciki, a ce saurayinsa bai iya jera kalma biyu masu daɗi a gaban mace ba sai ya kwafo a Facebook! Har Gwaggo ta fara tambayata ko asiri aka yi maka. Na ce mata rowa ce, kuma ba ta da lauya.

An sake yin wani fim mai wannan suna a 2020 da Sara Ali Khan, ɗiyar Saif ɗin. Ka ga jarumin har ɗiyarsa ta girma ta karɓi sana'a, kai ko kuɗin na-gani-ina-so ba ka kai ba. Bana ranar Cika-ciki kuɗin shararka a hannun mai fetur zan damƙa, a cika maka babur, in ga da wane uzuri za ka fake.